Wa Ya Ɗaure Ni a Keken Guragu?

Ina da shekara uku a duniya, a daminar 1990, zazzaɓi ya kwantar da ni kwana biyar, kuma da ya sake ni sai ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Ban tuna komai a cikin wannan ba, mahaifiyata ce ta ba ni labarin yadda ta tsayar da ni a bakin gado kamar kullum, sai na sulale ƙasa tamkar tsumma. Mutanen unguwarmu a cikin birnin Kano suka ce shan inna ce, aka yi turare, aka sha rubutu, aka zaga ƙauyuka wajen masu magani, kafin wani likita ya gaya wa mahaifina cewa ƙwayar cutar foliyo ce, kuma abin da ta riga ta cinye ba ya dawowa. Daga nan na sami suna na biyu wanda ba a yanka masa rago ba. Mahaifina tela ne, saboda haka kowa a unguwa ya san ni da gurguwar gidan tela.

Gaskiya ban taso ina jin zafin kalmar ba, domin ita ce Hausa take da ita, kuma da ita ake kiran Sarkin Guragu ba tare da wani ya ce an ci mutuncinsa ba. Abin da yake ƙona mini rai shi ne abin da kan biyo bayanta. Ina aji huɗu na firamare, ina zaune a ƙofar makaranta cikin kayan makaranta ina jiran yayana, jakar littattafaina a kan cinya, sai wata mata ta zo wucewa ta ɗora mini naira biyar a kan jakar, ta ce in yi mata addu'a. Da muka koma gida mahaifina bai yi faɗa ba. Ya sa yayana ya kai kuɗin asusun masallaci, sannan ya dube ni ya ce, "Ke ɗaliba ce, kada ki ƙara karɓa."

A wannan shekarar ce ya tara kuɗin ɗinkin sallah ya kai wa masu walda, suka ƙera mini keke mai ƙafa uku wanda ake murzawa da hannu. Kafin nan rarrafe nake yi, da silifa a tafin hannuna, ko kuma yayana ya goya ni. Ranar da aka kawo keken ban ci abincin rana ba. Na fita ni kaɗai, na wuce layinmu, na wuce masallacin Juma'a, na isa gidan gwaggona a wata unguwa da ban taɓa zuwa ba sai a goye, na yi sallama da bakina, ta fito ta tsaya tana kallona tana salati. Har yau ban san wata rana da ta kai wannan daɗi a rayuwata ba, kuma na ambace ta ne a nan saboda abin da na rubuta game da keke da hannuna bayan shekara ashirin, a wata ƙasa, da wani harshe.

Sakandare da jami'a sun wuce kamar yadda suke wucewa ga irinmu: ƙawaye na ɗaga ni a matakala, ina rage shan ruwa don kada in buƙaci bayi. Na gama, na yi aiki na ɗan lokaci, mahaifina ya rasu, sannan a 2016 na sami tallafin karatun digiri na biyu a Jamus. Na sauka a Bremen da kujera mai ƙafa huɗu irin ta asibiti, aka ce sai na yi wata shida ina koyon Jamusanci kafin in shiga aji.

Kalmar farko da kunnena ya kama a titi ita ce Rollstuhl. Kalmomi biyu ne aka harɗa, rollen, wato mirginawa, da Stuhl, wato kujera. Abin da mu muke kira keke, su kujera suke ganinsa, kuma tun da kalmar ƙarshe ce take ba harɗaɗɗen suna jinsinsa a Jamusanci, shi namiji ne, der Rollstuhl. Duk sanda bas ta tsaya direba yakan sauko ya shimfiɗa mini gangara, ya ce wa fasinjoji, "Platz für den Rollstuhl." Na yi makonni ina murna da na gane jimlar kafin in lura da abin da take faɗa, wato a ba kujera wuri. Ni da nake cikinta ba na cikin jimlar. Ban riƙe direbobin a zuciya ba, mutane ne masu sauri da suke yi mini hidima cikin sanyi, amma daga ranar na fara sauraron inda nake a cikin kowace jimla da aka yi a kaina.

A aji kuwa sai na ci karo da wata matsala da Hausa ba ta san da ita ba. Mu in mun ce "na tafi kasuwa" babu mai tambaya a ƙasa ne ko a mota. Jamusanci ya raba su: gehen tafiya ce da ƙafa, fahren tafiya ce a kan abin hawa. Wata Litinin malamarmu ta tambayi abin da kowa ya yi a ƙarshen mako, na ce "Ich bin auf den Markt gegangen," sai wani ɗan ajinmu, da kyakkyawar niyya, ya gyara mini ya ce ai gefahren zan ce. Ajin ya yi tsit, fuskar malama ta yi ja, ta wuce zuwa ɗalibi na gaba ba ta ce da kowa ya yi daidai ba. Na koma ɗaki ina tunanin ashe a wannan harshe ko kasuwa ba ni da ikon zuwa kamar kowa.

Ina da wani littafi da nake kwafe jimlolin da suka burge ni daga jaridu, don in riƙa ƙawata rubutuna da su. Da aka ba mu aikin rubuta tarihin rayuwarmu sai na ɗauko biyu daga ciki. Na rubuta cewa ich leide an Kinderlähmung, wato ina shan wahalar shan inna, sannan na rubuta cewa ich bin an den Rollstuhl gefesselt. Na san tana nufin mutum yana cikin keken guragu, kuma na ga manyan jaridu suna amfani da ita, ban damu in bincika aikatau ɗin ƙarshe ba. Abin da ya dame ni shi ne ko den zan sa ko dem, domin ƙananan kalmomi irin su an da in da auf suna ɗaukar Akkusativ, wato den, idan ana nufin zuwa wani wuri, su ɗauki Dativ, wato dem, idan ana nufin kasancewa a wurin. Shi ya sa ake cewa ich setze mich in den Rollstuhl idan zan hau, amma ich sitze im Rollstuhl idan ina zaune. Na zaɓi den, malama ta yi mini maki da jan biro a gefen layin, na adana takardar cikin alfahari.

Wadda ta warware mini ita ce wata dattijuwa da na haɗu da ita a shagon da ake gyaran kekunanmu, wanda suke kira Sanitätshaus. Ita ma shan inna ce ta same ta tun tana ƙarama, kafin a fara ɗiga wa yara rigakafi a baki a Jamus ta Yamma a 1962. Muna jiran a canza mana tayoyi sai hira ta haɗa mu, ni da guntun Jamusancina, har na ciro takardar na nuna mata. Ta sa tabarau ta karanta, ta zo kan layin ta tsaya, sannan ta leƙa gefen kujerata ta dama, ta leƙa ta hagu, ta ce ita ba ta ga igiya ba, amma in ɗaure ni aka yi in faɗa mata wanda ya yi, ta kwance ni sannan mu kira 'yan sanda. Ta ƙara da cewa ministan kuɗin ƙasar na lokacin, Wolfgang Schäuble, yana cikin keke tun da aka harbe shi a Oktoban 1990, kuma yana yawo duniya yana juya ministocin Turai, ko shi ma ɗaurarre ne?

Da daddare na buɗe ƙamus. Fesseln shi ne ɗaure fursuna, sa ankwa, sa mari. Na daɗe zaune ina kallon kalmar, sai ranar gidan gwaggona ta dawo mini, da kuɗin ɗinkin sallah, da yadda mahaifina ya tsaya a ƙofar shago yana kallona ina murza keke. Na yi kuka, kuma ba don wani ya ɓata mini ba. Ni ce da hannuna na kira abin da ya 'yanta ni daga rarrafe da sunan mari, aka ba ni maki, na yi murna. Haka ma ɗaya jimlar, domin ciwon ya zo ya wuce tun ina shekara uku, abin da ya bari ne nake rayuwa da shi, ba kullum nake cikin shan wahala ba.

Dattijuwar nan ta zama malamata ta biyu. Ita ta ba ni kalmar da nake kiran kaina da ita har yau, Rollstuhlfahrerin. Fahrer shi ne matuƙi, shi ne dai wanda yake cikin Autofahrer da Radfahrer da Busfahrer, masu tuƙa mota da keke da bas. Idan mace ce a ƙara ɗafa-ƙeyar -in, idan mata ne da yawa a ce Rollstuhlfahrerinnen, kusan yadda muke cewa matuƙi, matuƙiya, matuƙa. Abin da ya kama zuciyata shi ne a cikin wannan kalma ni ce mai yin aikin, kuma an sa ni a sahu ɗaya da direban da yake shimfiɗa mini gangara. Akwai masu cewa Rollstuhlnutzerin, wato mai amfani da keke, akwai masu rubuta Rollstuhlfahrer*innen da tauraro a tsakiya don su haɗa kowa, akwai kuma Rollstuhlfahrende da ba ta nuna jinsi a jam'i, wadda ni dai har yau takan yi mini nauyi a baki. A tsakanin masu keken kuwa Rolli kawai suke cewa, masu tafiya da ƙafa kuma su kira su Fußgänger cikin zolaya. Jimlar auf den Rollstuhl angewiesen, wato dogaro da keke, ta ce in bar wa likitoci da ofisoshi. Game da kasuwa kuma dariya ta yi, ta ce ita shekara sittin tana cewa ich gehe einkaufen, wato za ni cefane, da aikatau gehen, kuma babu wanda ya isa ya hana ta.

Wata rana na tambaye ta mece ce ainihin fassarar gurguwa, bayan na yi mata bayanin kalmar. Ta ce Krüppel, kuma kada in kuskura in bari mai ƙafa ya kira ni da ita, zagi ce tsagwaronta. Amma sai ta ba ni labarin yadda su da kansu suka ɗauki kalmar suka yafa a ƙarshen shekarun 1970, suka kira ƙungiyoyinsu Krüppelgruppen, ɗaya daga cikin na farko ma a Bremen ɗin ce, domin sun gaji da kalmomin tausayi masu zaƙi da ba sa canza komai. A 1981, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa nakasassu, takensu shi ne "Jedem Krüppel seinen Knüppel," kowane gurgu da kulkinsa. A shekarar ce wani ɗan fafutukarsu, Franz Christoph, ya kai wa shugaban ƙasa Karl Carstens duka da sandar dogarawarsa a Düsseldorf, kuma a watan Disamba suka yi zaman da suka kira Krüppeltribunal a Dortmund, inda suka gurfanar da yadda ake tafiyar da rayuwarsu a gidajen kulawa. Tana faɗa idanunta na ƙyalli. A 1981 shekarunta kamar shekaruna ne a ranar da muke hirar. Ita ce kuma ta gaya mini cewa wani mai gyaran agogo a Altdorf kusa da Nürnberg, Stephan Farfler, ya ƙera wa kansa keke mai ƙafa uku da ake murzawa da hannu tun 1655. Da na ga zanensa sai na yi dariya, ɗan'uwan na masu waldar Kano ne sak.

Hunturun farko ya kusa mayar da ni gida. Ƙanƙara tana maƙale wa tayoyi, hannayena suka tsattsage, rana ba ta fitowa sai a makare. A cikin wannan hali takardar shaidar nakasata ta iso, Schwerbehindertenausweis, kalma mai tsawo kamar jirgin ƙasa, schwer a farkonta tana nufin mai nauyi ko mai tsanani. Ana auna nakasa da lamba har zuwa 100, daga 50 ake shiga wannan rukuni, sannan a ƙara haruffa: aG ga wanda tafiya ta yi wa matuƙar wuya, B ga wanda aka ba damar ɗaukar ɗan rakiya. Katin yana da amfani ƙwarai, amma ranar da na riƙe shi sai na ji kamar an ɗora ni a sikeli. Neman gida ma sai da ya koya mini cewa barrierefrei, wato mara shinge, da rollstuhlgerecht, wato wanda ya dace da keken guragu, ba ɗaya ba ne. A ma'aunin gininsu na farko yana iya tsayawa a ƙofa mai faɗin santimita 80 da filin juyawa na 120, na biyu kuwa sai 90 da 150, su kuwa kalmomin talla irin barrierearm, wato mai ƙarancin shinge, ba su ɗaure mai gida da komai ba. Bayan na je gidaje uku na kasa shiga bayinsu, sai na sayi tef irin na mahaifina na riƙa yawo da shi a jaka.

A watan Fabrairu ina da jarrabawar harshe a wani gari. Na fita da asuba, na isa tashar da zan canza jirgi, na tarar da takarda a jikin na'urar hawa sama an rubuta außer Betrieb, ba ta aiki. Matakala ce kawai tsakanina da jirgin, ina jin sanarwarsa, ina jin tashinsa. Na zauna a ƙarƙashin matakalar nan kusan awa ɗaya, na yanke shawarar zan sayi tikitin Kano. A makon da ya gabata ne muka yi darasin bambancin sein da werden, wato yadda ake faɗin halin da abu yake ciki da yadda ake faɗin abin da ake yi masa, kuma ban gane shi sosai ba sai a wurin. Behindert, wato nakasasshe, ya fito ne daga aikatau behindern, tare hanya, shi ake faɗa idan mota ta yi mummunan tsayuwa ta hana wasu wucewa. Ich bin behindert hali ne da nake ciki. Ich werde behindert kuwa yana nufin ana tare mini hanya, kuma jimlar tana tilasta wa mai ji ya tambaya, wa yake tarewa? Masu fafutukarsu suna da taken da aka gina a kan wannan bambanci, cewa ba a kasancewa behindert, mayar da mutum ake yi. Na ciro waya na rubuta wa cibiyar jarrabawa saƙo, na fara da "Ich wurde behindert," na bayyana abin da ya faru, ban roƙi tausayi ba, na nemi a sa mini wata rana. Aka sa. Ban sayi tikitin ba.

Ba zan ce na karɓi taken nan gaba ɗayansa ba. Ƙafafuna da gaske ba sa aiki, ciwon kafaɗar da yake tashe ni da dare ba matakala ce ta kawo shi ba, kuma na daɗe da rungumar ƙaddarata a matsayina na Musulma. Sai dai na taso ina zuba komai a kwando ɗaya, ciwon da matakalar da naira biyar ɗin, duk ina kiransu ƙaddara, kuma nahawun Jamusanci ne ya raba mini abin da Allah ya hukunta da abin da magini ya gina.

Daga baya na fahimci dalilin da ya sa fuskar malamata ta yi ja. Na je Berlin na ga wurin tunawa da aka buɗe a 2014 a Tiergartenstraße lamba 4, inda gwamnatin Nazi ta tsara kisan marasa lafiya da nakasassu, aka hallaka kimanin mutum 70,000 tsakanin 1940 da 1941, bayan an fara kiransu da sunan rayuwar da ba ta cancanci rayuwa ba. Mutanen da suka gaji wannan tarihi dole su riƙa taka kalma a hankali. Sai a 1994 aka ƙara jimla a sashe na 3 na kundin tsarin mulkinsu cewa ba za a tauye kowa saboda nakasarsa ba, kuma sai a 2000 babbar ƙungiyar agajin nan Aktion Sorgenkind, wato yaron da ake damuwa da shi, ta koma Aktion Mensch, mutum kawai. Wannan kalma ta Mensch ita ce suke so a riƙa sa wa a gaba. A aji an horar da mu a kan yadda sifa take zama suna tana canza wutsiya, der Behinderte, ein Behinderter, die Behinderten, na haddace su tsaf, sannan na gano cewa waɗanda abin ya shafa sun fi son a ce behinderte Menschen ko Menschen mit Behinderung. Ɗan fafutukar nakasassu Raúl Krauthausen da abokan aikinsa sun buɗe shafin Leidmedien a 2012 don su nuna wa 'yan jarida irin waɗannan abubuwa, kuma jimlata ta mari tana cikin waɗanda suka fi yaƙa. Duk da haka nakan ji yara a bas suna zagin juna da "Bist du behindert?", kuma har yanzu akwai likitan da zai tsallake ni ya tambayi ɗan rakiyata abin da yake damuna.

Na gama karatu, ina aiki, dattijuwar ta rasu shekara biyu da suka wuce. Kwanakin baya wata cibiyar ba da shawara ta roƙe ni in fassara mata takardar bayani zuwa Hausa saboda 'yan Nijar da Ghana da Najeriya da suke zuwa wurinta, kuma a layi na biyu na ci karo da Rollstuhlfahrerinnen und Rollstuhlfahrer. Nakasassu ta yi faɗi. Masu buƙata ta musamman, wadda gidajen rediyonmu suke so, ban iya rubuta ta ba, domin dattijuwar ta taɓa tambayata ko shiga bayi buƙata ce ta musamman. Masu tafiya a keke kuma kowa zai ɗauka 'yan tseren keke ake nufi. Na yi kwana biyu a kan layin, sannan na kira mahaifiyata na karanta mata kalmar, na ce, "Umma, ma'anarta matuƙiyar kujera." Ta yi dariya har da tari, ta ce, "To 'yar nan, ai keken guragu sunansa keken guragu, ko Turai aka kai shi. Amma dai direba kam ke direba ce tun kina shekara tara, sai da kika kusa take mini kaji." Na rubuta masu amfani da keken guragu, na daɗe ina kallon kalmar guragu a zaune a tsakiyar layin, na bar ta a wurin na aika musu.